Azarar Ɗakin Inna

Gwarzo,
Jihar Kano.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya. Allah ya kiyaye hanyar da za ka kama gobe, ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da malamai na gari da abokan zama masu tsoronsa, amin.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wadda bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da naka. Kai ne ɗan farina, ban saba zaunar da kai in yi doguwar magana ba. Kuma in na fara da baki, faɗa za ta koma, kai kuma ka sunkuyar da kai kana jira in gama. Shi ya sa na rubuta. Ka karanta yau, kada ka cusa ta a jaka ka ce sai a mota, domin abin da nake nema a wurinka ba ya yiwuwa bayan mota ta tashi.

Tun ranar da aka kwaso masara a Durun, garin kakanninka, ba ka zauna da mahaifinka ba. Kana gaishe shi, ban ce ba ka yi ba, amma daga bakin zaure, a tsaye, idonka a kan waya. Gobe za ka tafi Zariya karatun injiniyan gine-gine, kuma na ga take-takenka. So kake ka yi masa irin wannan gaisuwar ta tsaye ka saɓi jaka. Ban yarda ba.

Bari in maimaita maka abin da ya faru, don kada ka ɗauka ya wuce ni. Baffa Sale, yayan mahaifinka, ya ce a hau da masarar gidan gaba ɗaya kan soron kakarka Inna a shanya, saboda awaki sun hana tsakar gida sakat. Malam, mahaifinka, ya ce yana ganin rufin ba zai ɗauka ba, ga nauyin yaɓen da aka ƙara masa bana. Baffa ya taso masa a gaban 'yan aiki da yara, ya ce tun yaushe mai allo da tawada ya zama sarkin magina, ya koma Gwarzo ya yi wa ɗalibansa iko. Malam ya durƙusa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Kai kuma ka hau babur da yammacin nan ka taho. Kafin ka hau, a ƙofar gida ka ce wa 'yan'uwanka, da ƙarfi yadda na ciki za su ji, wai duk wanda ya danna Baba sai ya lanƙwashe. Na ji. Shi ma ya ji.

To, tunda lanƙwasa ce laifin, kuma karatun da za ka je yi rabinsa a kan lanƙwasa yake, bari in gaya maka ɗan abin da na sani game da ita.

Bencin nan na zaure da Malam yake zama yana ba da karatu ya girme ka. A nan na tarar da shi sanda aka kawo ni. Katako ne guda ɗaya dogo, ƙafafunsa a gefe da gefe, tsakiya ba komai. Ina amarya, duk sanda na leƙa ta labule na ga baƙi sun cika shi, sai in ga tsakiyarsa ta yi ƙasa kamar bayan tsohon jaki. Na riƙa hango ranar da zai karye da wani babban baƙo mu sha kunya. Ran nan Malam ya tafi ta'aziyya Kabo, sai na sa aka cusa bulo a ƙarƙashin tsakiyar, har da tsumma don ya matse sosai. A ganina na yi dabara. Ashe na mayar da benci lilo. In mai jiki ya zauna a gefe ɗaya, sai ɗaya gefen ya ɗaga, ƙusoshin ƙafafu suka fara zarewa. Wata rana wani baƙo ya miƙe ba zato, na ɗaya gefen ya tafi ƙasa da kofin shayinsa. Malam ya zare bulon, ya mayar da ƙusoshi. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi in riƙa duba bencin bayan baƙi sun tashi. Na duba. A miƙe yake sak, kamar ba a taɓa zama a kansa ba. Ni lotsawar na gani, ban tsaya na ga dawowar ba. Kada ka yanke wa abu hukunci yana ƙarƙashin kaya, Abba. Ka jira a sauke.

Abin haushin, an koya mini wannan a makaranta, na ci jarrabawa a kansa, amma ban gane shi ba da na gan shi a zaure. A aji huɗu na sakandare malaminmu na kimiyya ya kafa ƙusa a jikin allo, ya rataya sifirin ɗan siriri, wato wayar ƙarfen nan mai naɗi, ya riƙa maƙala masa ƙarafan awo muna gwadawa da rula. Ya sa ɗaya, sifirin ya miƙe kaɗan. Ya sa biyu, miƙewar ta ninka. Ya cire, sifirin ya koma daidai inda ya sa alama da alli. Ya ce mana ba sifirin kaɗai ba ne, duk wani abu mai tauri haka yake yi, sai dai ido ba ya gani. Daɓen simintin da muke takawa yana lotsawa ƙarƙashin ƙafarmu ya dawo, haka ƙarfe, haka dutse, har gilashi. Ya ce da wannan 'yar lotsawar abu yake tokare nauyin da aka ɗora masa, in babu ita babu ɗaukar kaya. Wata ƙawata Talatu, mai bakin tsiya, ta tambaye shi ko har kujerar shugabar makaranta, ya ce wannan ma ba sai an nemo rula ba. Muka kwashe da dariya. Da muka lafa sai ya ɗauko wani ƙaton dutse ya rataya. Sifirin ya zube har kusa da ƙasa. Ya cire dutsen, sifirin bai koma ba. Ya ɗaga shi muna kallo, ya ce kowane abu da iyakarsa, kuma aikin injiniya shi ne ya san iyakar tun kafin a kai ta.

Tun bayan abin bencin nan idona ya buɗe, kuma har yau ban gaji da kallo ba. Ka dubi motar kaya ranar kasuwa. Da safe in ta wuce da buhuna, sifirin ɗinta ya kwanta ya baje. Da yamma ta dawo wayam, ka gan shi ya gantsare abinsa kamar bai yi aikin komai ba, kuma gobe zai sake. Ka dubi robar taya da masu babur suke ɗaure kaya da ita. Igiya in kaya sun zauna sai ta saki, amma roba tana nan tana ja har a isa garin Jama'a, ramin hanya bai sa ta manta aikinta ba. Ka dubi karkiyar shanun huɗa a wuyan bijimai biyu da ba sa tafiya daidai, wannan ya ja, wancan ya tirje, itacen yana bin su yana dawowa tun safe har rana ta take. Ni da nake tsoron gada, duk sanda tirela ta wuce na ji tana rawa ƙarƙashina sai in kama salati. Yanzu ma ina salatin, amma na san rawar nan ba ciwo ba ce, ƙarfen ne yake karɓar nauyi yana mayarwa. Ko tsintsiyar da nake shara da ita, kowane tsinke sai ya rusuna ya miƙe sau ba adadi kafin in gama tsakar gida. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanya wannan hali a cikin itace da ƙarfe. Ba su da baki, ba su taɓa neman a yaba musu ba, a kansu muke zaune, a ƙarƙashinsu muke kwana.

Randata ta farko kuwa ba ta taɓa lotsawa na gani ba. Ina alfahari da taurinta. Ranar da turmi ya ɗan gogi gindinta, ba ta yi gargaɗi ba, sai ruwa na gani yana bin ƙafata. Ka riƙe wannan, don ta nan nake ji maka tsoro. Taurin kanka ba daga Malam ka ɗauko ba, na san inda ka ɗauko.

Akwai kuma wani kuskuren, shi ne ya fi dacewa da kai a yau. Gadon ƙarfen da aka kawo ni da shi mai waya ne, irin na da. Kai da ƙannenka kun yi tsalle a kansa har kun gaji, bai nuna ba. Wata shekara aka sami amfani, wuri ya ƙare, na sa aka jibge buhunan gero a kansa, na ce na 'yan kwanaki ne. Tunda bai yi ƙara ba, bai karye ba, sai na manta da shi. Har damina ta shiga suna kai. Da aka kwashe, gado ya tsaya da rami a tsakiya kamar ƙwarya. An kai wa mai walda ya ja, an kifa shi an taka, bai dawo ba. Abu biyu ne suke kashe mai haƙuri, kayan da suka wuce ƙarfinsa da kayan da aka bari a kansa suka daɗe. Kuma mai haƙuri ba zai ce maka ya kusa ba.

Shirunka kaya ne, kuma a kan mahaifinka ka ajiye shi. Kullum sai ya tambaye ni ko ka ci abinci, ko takardunka sun kammala, ko an ɗinka maka kayan sanyi. Ni yake tambaya, kana cikin gidan. Da farko in ka wuce ta zaure yakan ɗaga kai ya bi ka da ido. Kwanan nan na lura ya daina ɗagawa. Wannan ne ya sa na ɗauki biro. In ka tafi da kayan nan a kansa har hutu, ban san me za ka tarar ba in ka zo saukewa.

Yanzu ga abin da ba ka gani ba, saboda ka hau babur.

Washegari da sassafe Baffa ya tafi gona da amalanke ɗauko ragowar masara, ya bar umarni a fara hawa da wadda take gida. Malam bai saɓa ba. Ya ce Yaya ya ce a hau da ita, za a hau da ita. Sai dai ya fara shiga wurin Inna ya lallaɓa ta, ya ce ta fito gindin darbejiya ta sha iska, na shimfiɗa mata tabarma. Sannan ya zaɓo karan dawa dogo miƙaƙƙe, ya yanke shi, ya kafa shi cikin gwangwanin yashi a tsakiyar ɗakin, daidai ƙarƙashin azarar tsakiya. Ka san azara, itacen giginyar nan da aka jera aka ɗora ƙasar rufi a kai. Ya bar tazarar yatsa biyu tsakanin kan karan da azarar. Ya ce haka marigayi kakanka yake yi duk shekarar da aka ƙara yaɓe. Ina ganin karan nan na tuna ƙusa da alli da rular malaminmu. Abu ɗaya ne, wancan ya koya a makaranta, wannan ya gada a gida.

Aka hau da kashin farko. Malam ya taka kujera ya sa yatsu, tazarar ta ragu kaɗan. Ya ce a sauko da ita. 'Yan aiki suka fara gunaguni, ɗaya ya ce shi dai bai taɓa ganin masarar da ake kai wa yawon buɗe ido ba. Malam ya yi murmushi, ya karɓi kwando da kansa. Da aka sauke, yatsu biyu suka shige daidai. Aka hau da ninkin na farko, tazarar ta ragu ninki, aka sauke, ta dawo. Ya kira ni in sa hannu in ji, yana ta yaba azarar, wai ta haura shekarunsa tana ɗauke da ƙasa amma dubi yadda take miƙewa. Da aka ƙara a karo na uku, azara ta sauko ta danne karan har ya gantsare, ƙasa ta ɗan zubo daga rufi. Aka sauke da sauri. Ya sa yatsu. Ɗaya ya shiga, na biyu ya ƙi. Ya jira, ya sake gwadawa, ya ƙi.

Sai ya ce a mayar da kashin farko kawai, a baje shi ta gefen bango, kada a tara a tsakiya. Ya je ya zauna a kan matakin tsani na ƙasa, ya ciro carbi.

A haka Baffa ya dawo ya same shi. Faɗan da ka ji jiyansa wasa ne a kan na ranar. Har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Malam ya sunkuyar da kai har sai da Baffa ya tsaya jan numfashi, sannan ya ce, "Yaya, ka isa ka yi mini faɗan da ya fi wannan, kuma zan durƙusa in ji. Amma kwando ɗaya ba zai ƙara hawa ba. Inna ce take kwana a ƙasa."

Baffa ya ce ya tashi daga kan tsanin. Malam ya ce a yi masa haƙuri, ba zai tashi ba. Muryarsa ba ta ɗaga ba, kamar mai amsa gaisuwa. Sai Inna daga gindin bishiya, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Sale, bar surutu, shiga ka duba karan ubanka."

Ya shiga. Ya daɗe a ciki. Da ya fito bai dubi kowa ba, ya ce wa yara su ɗaure awakin nan su kawo buhuna a shimfiɗa a tsakar gida. Ya wuce ta gaban Malam ya ce, "Kai kuma tashi, ka wani zauna kamar kaza a kan ƙwai." Bai ba shi haƙuri ba, Malam ma bai jira ba. Da azahar a kwano ɗaya suka ci abinci. Inna ta koma ɗakin matar Baffa har aka sauya azarar, kuma da magina suka zaro ta sun tarar gara ta cinye kanta ɗaya a cikin bango.

Wannan shi ne mutumin da ka ce kowa ya danna ya lanƙwashe. E, ya lanƙwasa. Ya lanƙwasa harshensa da wuyansa da gwiwarsa ga yayansa, kuma gobe ma zai sake, bai rage komai a jikinsa ba. Amma a kan abin da zai faɗo wa mutum a ka, ko taƙi bai gusa ba. Da ya yi irin yadda kake so, ya miƙe ya mayar da magana a gaban 'yan aiki, da Baffa ya rantse sai an hau da masarar nan duka a ranar, kuma da an hau. Shekaru nake zaune da shi, har yau ina koyo.

Bai ba ka labarin nan ba domin ba ya so yayansa ya ragu a idonka. Ni na ba ka, kuma ina gargaɗinka. In ka ɗauke shi ka raina Baffa, ba ka fahimci komai ba. Mutumin da ya sa yatsunsa, ya ga gaskiya, ya janye maganarsa a gaban mutanen da ya yi ta a gabansu, shi ma ya dawo daidai. Ba kowa ke iyawa ba.

Inda za ka, za a danna ka. Malamai za su danna ka, na gaba da kai za su danna ka, wani ma ba shi da abin da ya fi ka sai kujerar da yake kai. Ka rusuna, ba ya rage tsawo. Ka ba da haƙuri ko kai ne da gaskiya, in dai abin da za a rasa girman kanka ne kawai. Amma ka san wuraren da za ka zauna a kan tsani. Sallarka tana ciki. Satar jarrabawa tana ciki, ko ajin gaba ɗaya ya yi. In Allah ya sa ka fara aiki, wata rana mai gini zai ce ka rage rodi ko ka ƙara yashi, zai faɗa da fara'a ko da tsawa. Ka ce masa ranka ya daɗe, ka gaishe shi da kyau, kada ka sa hannu. Kowane rufi da za ka yi, akwai innar wani da za ta kwana a ƙasa.

Kada kuma ka zama irin ɗanyen yumɓu, wanda yake ɗaukar shatin yatsan duk wanda ya taɓa shi ƙarshe. Na ga yaran unguwar nan da suka tafi karatu, zango ɗaya suka dawo da bakin wasu da tafiyar wasu, gaisuwa ma sai an roƙa. Ka sani ni ma na kafa karana. Duk hutun da ka zo zan sa yatsu in gwada, kuma ka san ba na kunyar faɗa. In ka ji kaya sun yi maka yawa, na karatu ko na rayuwa, ka faɗa tun ana iya saukewa. Kada ka yi mini irin ta gadon nan. Ka riƙa ci, ka riƙa barci, ka kira gida.

Gobe bayan sallar asuba Malam zai zauna a zaure kafin ɗalibai su zo, kamar kullum. Ka bar wayar a ɗaki. Ka cire takalmi, ka shiga, ka durƙusa, ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya. Ka ce masa ka yi magana marar kyau a Durun, ya yafe maka. Da bakinka, ba da kewaye-kewaye ba. Na san shi, zai ce ba komai tun kafin ka rufe baki, amma ka ƙarasa. Wataƙila ya dafa bencin ya ce ka hau. Ni na koya maka ɗa ba ya zama kafaɗa da kafaɗa da ubansa, amma gobe in ya ce ka hau, ka hau. Kun yi nauyi yanzu ku biyun. Katakon zai lotsa, za ka ji yana zame ka zuwa wajensa. Kada ka ja baya.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka ilimi mai amfani. Allah ya raba ka da kayan da suka fi ƙarfinka, ya dawo mana da kai lafiya, a miƙe kamar yadda ka tafi. Amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Umma.